Yaɓen da Baba Ya Yi

Doujiayao, lardin Shanxi
12 ga Agusta, 1996

Zuwa ga Yayana Zhenshan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Yuzhen da 'yarmu Xiaoman. Ina fatan ciwon bayan nan ya yi sauƙi, kuma audugar gonarku ta bana ta yi kyau. Ni lafiyata ƙalau.

Ranar Talatar da ta wuce, ruwan sama ya zubar da yaɓen kusurwar gabas ta bangon da ke tare ƙofar ɗakin bautar Sarkin Ruwa. Wurin da ya zube bai fi faɗin tabarma ba. A ƙarƙashinsa akwai ƙafar dodon ruwa ta tangaran, shuɗiya, da farata huɗu. Ko ƙwarzane babu a jikinta.

Jaridarmu ce ta turo ni gundumar in duba ɓarnar ambaliya, shi ya sa labarin ya same ni a kusa. Na iso ƙauye ranar Alhamis, na tarar da mutane tsaye cikin taɓo suna kallo. Geng, abokinka na makaranta, shi ne shugaban ƙauye yanzu, ya yi tumbi, gashi ya zube. Da ya gan ni sai ya kama hannun rigata ya ce, "Qiuhe, ke kin yi karatu, faɗa min. In wannan yana nan, mu me muka fasa?"

Na ari igiyar awo na auna. Ɗan rufin da ke saman bangon ya zarce shi ta baya da santimita arba'in da biyu. Ta gaba kuwa goma sha ɗaya ne kawai. Ka san babu maginin da zai yi rufi haka. Bangon ya yi ƙiba ta fuska ɗaya da santimita talatin da ɗaya, shekara talatin muna wucewa ta gabansa, an rubuta masa taken juyin juya hali an goge, an rubuta tallan takin zamani an goge, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ni ma da nake cin abinci da lura ban duba ba.

Zan rubuta abin da na tuna, kai kuma ka gyara min inda na kauce, don shekarata tara a lokacin, kai kana da sha shida. Kun zo gida kai da 'yan makarantarku, da jan ƙyallen matasan juyin juya hali a damtse, kai ne a gaba. Ka ce wa Baba dodanni biyar ɗin nan da kakan kakanmu ya toya tarkacen tsohon zamani ne, kuma tun da gidan Dou ne ya kafa su, gidan Dou ne zai sauke su. Baba yana shan kunun gero. Ya ƙarasa kwanonsa, sannan ya ce tangaran in aka buge shi a jikin bango tsalle yake ya shiga ido, don haka a ba shi kwana uku ya ciro falayen ɗaya bayan ɗaya, ku fasa su a masussuka. Ya kewaye bangon da asabari kamar yadda ake yi duk lokacin da za a taɓa dodo. Kwana uku amalanke tana shiga da laka da bambaro, tana fitowa da falaye. Kun fasa su duka. Kan rawayen dodo na tsakiya kai ka fasa shi da hannunka, a gaban kowa, Baba yana tsaye.

Bayan shekara biyu ka tafi Xinjiang. Ba ka zo binne Baba ba, ba ka zo na Mama ba. Ban taɓa tambayarka dalili ba, don na san shi.

Ban rubuto don in sosa maka tsohon tabo ba. Abin da na gani da idona ƙafa ɗaya ce. Ban san abin da ke ƙarƙashin sauran yaɓen ba, kuma ba zan ce maka komai ba sai na gani. Ofishin kula da kayan tarihi na gunduma zai turo mutum. Gobe zan je wurin Gwaggo Gailan.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Dou Qiuhe


Doujiayao
22 ga Agusta, 1996

Yayana Zhenshan,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ina fatan wasiƙata ta farko ta iso. Na karɓi hutun da ya taru min shekara uku, ina kwana a gidanmu. Rufin ɗakin yamma yana yoyo, amma bishiyar magaryar tsakar gida ta yi 'ya'ya har rassan suna taɓa ƙasa.

An fito da dodo na farko gaba ɗaya. Lafiyarsa ƙalau daga ƙaho har wutsiya.

Amma bari in fara da Gwaggo. Shekararta saba'in da takwas, haƙora uku suka rage mata, bakin kuwa yana nan yadda ka san shi. Na same ta tana yanka taliya cikin tukunya. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "'Yar jarida, kin zo da alƙalaminki ki tatse ni? Zauna ki ci tukuna, kin bushe kamar karan dawa. Mijin nan naki ba ya ba ki abinci ne?"

Na ce, "Gwaggo, me suka fasa a masussuka?"

Ta ce, "Tagwayen mana. Ke 'yar gidan matoya ce ko 'yar gidan wa?"

Ga abin da ta faɗa min, na kuma tambayi tsofaffi biyu daban-daban kan al'adar, maganarsu ta zo ɗaya. A gidanmu ba a taɓa toya falle ɗaya shi kaɗai ba. Wuta ba ta da amana, don haka kowane falle biyu ake yi. Wanda ya fi kyau ya hau bango, ɗan'uwansa a binne shi cikin yashi a ramin da ke ƙarƙashin rumfar matoya, inda murhun toya tangaran yake, saboda ranar gyara. Na bango ana dangwala masa babban yatsa sau ɗaya a baya tun yumɓu yana ɗanye, na rami sau biyu. Magajin matoya kaɗai ake nuna wa ramin, ranar da aka miƙa masa aiki. Kai ba ka kai ranar ba.

Gwaggo ce ta tura amalanken. Falayen ramin suna ƙasa, bambaro da laka a sama. A bayan asabari Baba ya shafa wa bayan kowane falle farar ƙasa don ya yi kama da wanda aka ɓamɓaro daga bango, ya miƙo muku. Na ainihin kuma ya lulluɓe su da takardar taga da ya jiƙa da mai, ya bi da yashi, sannan laka, sannan ya jera siririn tubali. Ta ce da rana tsaka suka yi, tana wucewa ta gabanku kuna rera waƙa, har Geng ya taya ta tura amalanken a hawan gada. "Yaron kirki," in ji ta, "mai ƙarfi kamar jaki, da hankali irin nasa."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa bayan zamani ya sauya?"

Ta ce, "Ubanku ya ce in ɗansa ya dawo gida in faɗa masa, shi zai fara ji. Ya dawo? Sannan kin ga yadda ɓarayi suka kwashe rufin wuraren bauta na ƙauyukan nan kaf. Wa zai saci tallan taki?"

Mutumin gunduma sunansa Malam Pei, siriri, ba ya son surutu. Da wuƙar gora da burushi yake aiki, shi da mutum biyu. Ina tsaye lokacin da suka ɗaye takardar ƙarshe daga fuskar shuɗin dodon. Yaya, na karanta abubuwa da yawa kan irin waɗannan bangaye, na ga manya a Datong da Beijing, na zaci na san abin da zan gani. Amma shi wannan shekara talatin bai ga rana ba, hayaƙin gawayi bai taɓa shi ba. Da hasken safiya ya sauka a kansa, shuɗin ya fito kamar yanzu aka ciro shi daga wuta. Jikinsa ya fito daga bango kusan tsawon tafin hannu, ya murɗe sau uku cikin igiyar ruwa kore, bakinsa a buɗe, kowane ɓawo na bayansa da nasa ɗan layi. Idon yana kallon ƙasa, daidai inda mutum zai tsaya in ya nufo ƙofa. Na tsinci kaina na matsa gefe. Malam Pei ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Wata tsohuwa ta durƙusa cikin taɓo. Geng ya juya baya ya daɗe yana kallon gonar masara.

Akwai abu guda da dole in faɗa maka, don ba zan ba ka rabin labari ba. Gwaggo ta ce kan rawayen dodo ba shi da tagwai a ramin. An yi amfani da shi tun zamanin kakanmu, bayan wata girgizar ƙasa. Ita ba ta ɗauko kai a amalanke ba, kuma ba ta san inda Baba ya samo wanda ya miƙa maka ba. Mai yiwuwa ne daga bangon ya ciro shi.

Ka rubuto min, ko layi biyu ne.

Ƙanwarka,
Qiuhe


Doujiayao
10 ga Satumba, 1996

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Yuzhen da Xiaoman. Na ji ciwon bayan ya sake tashi, ka riƙa sa masa ɗumi, kuma ka bar wa matasa ɗaga buhuna.

Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a. Layi huɗu ne, na ƙirga. Ka ce ka yi murna huɗun sun tsira, amma kan kai ka fasa, ka ji ƙararsa, ka san na gaske ne, kuma kada in sake rubuto maka a kan wannan. Na karanta, na fahimta, ga shi kuma ina rubutowa.

Dodanni huɗu sun fito yanzu: shuɗi biyu a gefe, da ja-ja biyu masu launin magarya busasshiya a ciki. An yashe tafkin da ke gaban bangon, wanda aka cike da shara tun muna yara, ruwan rijiya ya koma ciki. Jiya da hantsi iska ta ɗan kaɗa, na ga abin da Mama take ba mu labari ban taɓa yarda ba. A cikin ruwan dodannin suna tafiya. Jikinsu yana lanƙwasa, wutsiya tana bin kai, igiyoyin tangaran suna haɗuwa da igiyoyin gaske har ba ka iya raba su. Wanda ya tsara bangon ya san da tafkin, don ruwan ya yi su. Na zauna a bakin tafkin awa biyu ban rubuta ko kalma ɗaya ba. A tsakiyarsu kuwa, a bango da cikin ruwa, akwai murabba'in laka mai tsawon mutum, da ragowar harafin tallan taki.

Malam Pei ya so buɗe tsakiyar ranar Litinin. Ya iso da mutanensa ya tarar da Gwaggo ta ajiye kujerarta a gindin lakar tana ɓarar wake.

Ya ce, "Baba tsohuwa, a ɗan matsa mana, aikin hukuma ne."

Ta ce, "Hukuma ce ta yaɓa?"

"A'a."

"To wanda ya yaɓa ya ce ɗansa zai fara ji. Huɗu ruwan sama ya ci amanata. Wannan ɗaya sai ɗan ya zo."

Geng ya ce, "Gwaggo, mutumin nan shekara ashirin da takwas bai zo ba, yanzu zai zo?"

Ta ce, "Kai dai tura amalanke ka iya, je ka nemo wata."

Malam Pei ya naɗe kayansa. Ya ce min zai iya jira zuwa ashirin ga Oktoba. Bayan nan sanyi zai fara daskarar da ruwan da ya riga ya shiga lakar, in akwai tangaran a ciki zai tsage. Ranar zai buɗe, ko da wa, ko babu kowa.

Yanzu ga dalilin wannan wasiƙa. Da muke ɓarar wake na tambayi Gwaggo ko akwai wani kan dodo a gidanmu ban da na ramin. Sai ta tambaye ni ko na tuna bazarar da ka shekara sha biyar. Na tuna kaɗan. Baba ya sa ka kwaikwayi kan rawayen dodo, gwajin da ake yi wa kowane ɗan gidan Dou. Wata biyu kana zuwa gaban bango da allon yumɓu, ko abinci sai an kai maka. Ka gama, Baba ya karɓa ya ce zai shafa masa launi ya toya. Bayan kwana goma ya ce maka ya fashe a wuta, hannunka bai nuna ba tukuna. Ka tashi daga kan abinci, kuma ban sake ganin ka taɓa yumɓu ba.

Gwaggo ta ce haka ake gaya wa kowa. Haka kakanmu ya gaya wa Baba, Baba ya yi kuka a bayan matoya tana kallo. In aikin ya lalace da gaske, tsingaron ake zube wa yaro a gabansa ya gani. In aka ce ya fashe ba a nuna masa komai ba, to ya yi kyau ne, an ɓoye don kada kansa ya kumbura, sai ranar miƙa matoya a fito masa da shi. Na Baba sojoji sun fasa shi lokacin yaƙi. Ta ce, "An nuna wa yayanki tsingaro?" Na ce ban sani ba. Kai ka sani.

Ka lura, wannan zato ne. Gwaggo ba ta ga kan ba, ni ma ban gani ba. Amma kai ɗanyen yumɓu ka miƙa, ba ka taɓa ganinsa da launi ba, kuma ranar masussuka ba ka tsaya dubawa ba.

Na gan ka ranar, bayan mutane sun watse, ka sunkuya ka ɗauki wani abu ka sa a aljihu. Xiaoman ta taɓa rubuto min cewa kana da gwangwanin taba da ba ka bari a taɓa, da tsingaro rawaya a ciki mai ido ɗaya. A fallen kai, bayan ido ake dangwala yatsa. Ka kankare farar ƙasar da ke bayansa a hankali, da cokali, ba da wuƙa ba. Kakan kakanmu ba mu san yatsansa ba. Naka kuwa na san shi, da tabon laujen da ya ratsa shi tun kana shekara goma.

Ina jira.

Ƙanwarka,
Qiuhe


Doujiayao
3 ga Oktoba, 1996

Yayana Zhenshan,

Gaisuwa da fatan kun yi bikin tsakiyar kaka lafiya. Mu mun yi shi a gidan Gwaggo, ta ajiye maka wainar bikin guda ɗaya, mai siffar farin wata, ta ce in ta bushe kai ka jawo. An fara sanyin safiya. Na kaɗe magaryar tsakar gida, na shanya a kan rufi.

Xiaoman ta kira ni ta wayar ofishin ƙauye ranar Lahadi. Kada ka yi mata faɗa, ni na ba ta lambar. Ta ce kwana tara wasiƙata tana kan tebur. Ta ce a rana ta goma ka aiki mahaifiyarta kasuwa, ka zauna bakin taga da cokalin shayi, ita tana leƙe ta ƙofar kicin. Ta ce dangwale ɗaya ne, kuma akwai layi da ya ratsa shi a karkace. Ta ce ka ɗora babban yatsanka a kai, ya yi wa ramin girma kaɗan, ka daɗe a haka. Ta ce washegari ka je tashar jirgin ƙasa ka tambayi lokacin jirgin gabas, ka dawo ba ka yanki tikiti ba.

Na kai wa Malam Pei maganar. Ya ce yumɓu yakan tsage a wuta ya ba da layi irin wannan, ba zai ce komai ba sai ya sa tsingaron ƙarƙashin madubinsa, da yatsan a gefe. Gaskiyarsa ne, da ni ce ma haka zan ce. Gwaggo kuwa ta ce, "Madubin me? Yaro ya yi kan da ya ruɗi ƙauye guda, har da shi kansa. Uban ya tsaya yana kallo ana farfasa abin da ya ɓoye don ranar da zai ba shi matoya, bai ce uffan ba. Ku je ku yi ta aune-aunenku."

Na yi ta tunanin tsayuwar Baba a masussuka ranar. Shekara talatin na ɗauka kunya ce ta sa ya sunkuyar da kai lokacin da ka ɗaga guduma. Yanzu ban san me zan kira shi ba. Na san dai yana da zaɓi biyu a bayan asabarin, kan da ke bango ko wanda ka yi, kuma kowanne ya miƙa maka, wani abu nasa ne za a fasa.

Na share ɗakin gabas, na hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa don danshi ya fita. Daga tashar gunduma akwai motar ƙarfe biyu na rana, Geng ya ce in ka sanar da ranar shi zai zo da taraktarsa, wai yana da tambayoyin da zai yi maka. Ciyawar kabarin Baba na bar ta yadda take.

Ranar ashirin tana nan yadda Malam Pei ya ce. Jiya, da izinin Gwaggo, ya zura siririyar waya ta wata 'yar tsaga a lakar, daidai inda kan ya kamata ya kasance. Ta shiga santimita goma sha tara ta taɓa wani abu mai santsi. Ya ce zai iya zama tangaran, zai iya zama dutsen kogi da aka yi ciko da shi. Ba a tabbatar ba tukuna.

Ka gaida Yaya Yuzhen. Ka taho da rigar sanyi, da gwangwanin.

Ƙanwarka mai jiranka,
Dou Qiuhe